KARATUN 'YA'YANMU A JAMI'A: BAYOLOJI, ILIMIN MUHALLI DA ILIMIN KASUWANCI

Jawabin kwamitin ilimi a taron dattawan ikilisiyoyi da iyaye

 

An ɗora mana nauyin yin magana a kan wani al'amari da yake dawowa kowace shekara in sunayen shiga jami'a sun fito. Yaro ya nemi likitanci, sai a ba shi Bayoloji. Yarinya ta nemi lauyanci, sai a ba ta Kasuwanci. Daga nan sai gida ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Wasu iyaye kan ce yaro ya zauna ya sāke jarrabawa baɗi, baɗi ta zo a sāke, har shekara uku ta wuce, zuciyar yaron ta mutu. Wasu kuma kan bar shi ya tafi, amma da maganar cewa kwas ɗin banza aka ba shi. Ikilisiyoyinmu ƙanana ne, yawancinmu manoma ne, kuma kowane yaro da ya kai jami'a an sayar da hatsi ko akuya a kansa. Saboda haka ya kamata mu san abin da ake koya masa, mu san amfaninsa da iyakarsa, kafin mu yanke hukunci.

ABIN DA MAGANAR ALLAH TA NUNA MANA

A Farawa 2:15 aikin farko da aka ba mutum shi ne noman gona da kiyaye ta, a aya ta 19 da 20 kuma aka kawo masa dabbobi da tsuntsaye ya raɗa musu suna. Wanda zai raɗa suna sai ya duba da kyau, ya bambanta wannan da wancan, kuma da wannan ake fara Bayoloji har yau. Cikin hikimar Sulemanu da aka lissafta a 1 Sarakuna 4:33 akwai sanin itatuwa, da dabbobi, da tsuntsaye, da kifaye. Littafin Firistoci 25 ya umarta a bar ƙasa ta huta a shekara ta bakwai. Maimaitawar Shari'a 20:19 ta hana sare itatuwa masu 'ya'ya ko a lokacin yaƙi. A gefen kasuwanci kuwa, Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gonar Masar shekara bakwai, ya ajiye, ya raba a lokacin yunwa. Wannan aiki ne na lissafi, da ajiya, da tsari. Don haka babu ɗaya cikin waɗannan fannoni da yake baƙo ga mai bi.

KAFIN A KAI ƘOFAR JAMI'A

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maganar jami'a tana farawa ne tun aji ɗaya na babbar sakandare, ranar da yaro ya zaɓi darussansa. Mai son Bayoloji yana bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, Lissafi, Bayoloji da Kimistiri, yawancin jami'o'i kuma suna neman Fiziks. Mai son Kasuwanci yana bukatar Turanci da Lissafi, a mafi yawan wurare har da Tattalin Arziki. A jarrabawar JAMB darussa huɗu ake rubutawa, kuma wanda ya haɗa darussan da ba su dace da kwas ɗinsa ba, ko ya ci maki mai yawa ba zai shiga ba. Ƙa'idodin nan sukan ɗan canja, saboda haka a duba littafin bayanin JAMB na shekarar da ake ciki, kada a dogara ga abin da wan yaron ya yi shekara biyar da suka wuce.

Dattawa, ga inda muke yin hasara. Makarantun ƙauye da yawa ba su da malamin Kimistiri, balle ɗakin gwaje-gwaje. Yaro mai ƙwaƙwalwa yakan gama sakandare bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, ƙofar kimiyya ta rufe masa tun yana shekara 15, ba wanda ya lura. Wata matsalar ita ce takardu. Takardar haihuwa, da lambar NIN, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, dole suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a cikinsu duka. Mun san wahalar da wasu 'ya'yanmu suke sha kafin su sami takardar shaidar ƙaramar hukuma. A fara nemanta tun yaro yana aji biyu, kuma dattijo ya raka shi.

ABIN DA AKE KOYA A BAYOLOJI

Digirin shekara huɗu ne, kowace shekara zango biyu. Amma iyaye su shirya wa fiye da haka, domin yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata 8. Shekarar farko ta tushe ce: Bayoloji, Kimistiri, Fiziks, Lissafi, da darussan gama-gari kamar Turanci da sanin al'ummomin Nijeriya. A nan yara da yawa suke tuntuɓe, domin sun ɗauka sun rabu da lissafi. Daga shekara ta biyu ake shiga cikin ƙwayar halitta, da gadon jini, da yadda jikin dabba da na tsiro suke aiki, da ƙwayoyin cuta, da ƙwari, da ƙididdiga. Akwai watanni na koyon aiki a waje ƙarƙashin shirin SIWES, wanda hukumar ITF mai hedkwata a Jos take kula da shi. A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi yakan yi bincike nasa, ya rubuta, ya kāre shi a gaban malamai.

Bari mu ɗauki darasi guda mu ga ko ya shafe mu. Ikilisiyoyi da yawa suna neman gwajin jini kafin ɗaurin aure, amma dattawa nawa ne za su iya bayyana wa saurayi da budurwa ma'anar takardar? Ɗalibin shekara ta biyu zai iya. In namiji AS ne, mace ma AS ce, kowane ciki da aka ɗauka yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato sikila. Wannan ba ya nufin yara uku za su fito lafiya sai na huɗu ya kamu. Kowane ciki sabon lissafi ne, na fari zai iya zuwa da ita, na biyu ma haka. Ba maita ba ce, ba laifin uwa ba ne, domin rabi daga uba ya fito. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila, kimanin 150,000 a shekara. Wanda ya fara gano ƙa'idar gadon nan, Gregor Mendel, malamin addinin Kirista ne, kuma a lambun gidan ibada ya yi gwajinsa da wani irin wake, ya buga sakamakon a 1866.

A gona ma haka ne. Ƙwaron da ya cinye tumatir a 2016 har Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kansa, da tsutsar masara da ta shigo ƙasar nan a wannan shekarar, da wuta-wuta mai shan jinin dawa da gero tun daga saiwa, da fumfunar gyaɗa da masara mai lalata hanta, duk darussa ne a aji. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, da hukumar NAFDAC, masu irin wannan ilimi ne suke aiki a cikinsu.

Amma mu faɗi iyakarsa. Mai digirin Bayoloji ba likita ba ne, ba mai haɗa magani ba ne, kuma ba shi da lasin gwajin jini a asibiti, domin wannan wani digiri ne dabam mai hukumarsa. Kada mu matsa wa yaro ya buɗe shagon magani ya riƙa yi wa mutane allura don a ce ɗanmu likita ne. Wannan ganganci ne da ran mutane, kuma zai ɓata shaidarmu a gari. Hanyoyin da suke buɗe masa su ne koyarwa, in ya ƙara difloma ta ilimi ya yi rajista da hukumar TRCN, da aikin bincike, da ma'aikatun gona da na muhalli, da ƙarin karatu, da sana'a ta kansa kamar kiwon kifi, kiwon zuma ko renon itatuwa. Aikin gwamnati ya yi ƙaranci, kada mu ruɗi kowa.

ILIMIN MUHALLI

Wannan reshe yana duba yadda tsiro, da dabba, da ruwa, da ƙasa, da mutum suke rataye da juna. A yawancin jami'o'inmu darussa ne a cikin Bayoloji, ko sashen tsirrai, ko na dabbobi, a wasu kuma akwai digirin kula da muhalli. Ɗalibai sukan fita daji da igiyar awo da katako mai kusurwa huɗu, su ajiye shi a ƙasa, su ƙirga kowane tsiro da ke ciki, su ɗebi ƙasa da ruwa su kai gwaji. In kun ga 'yarku ta dawo hutu tana ƙirga ciyawa a bayan gida, kada ku ce karatu ya taɓa ta. Da irin wannan ƙirga ake sanin ko daji yana mutuwa ko yana farfaɗowa.

An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Sun kawo noman rani da ruwan sha a Kano, amma sun rage ambaliyar da take ciyar da fadamun Haɗeja zuwa Nguru. Da ruwa ya daina hawa da sauka yadda ya saba, sai ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar jan-baki masu cin shinkafa da dawa. A Zamfara kuma, a 2010, yara fiye da 400 suka mutu a yankunan Anka da Bukkuyum, domin ana niƙa duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje, ƙurar tana shiga abinci da hannun yara. Ba wanda ya yi nufin kisa. Rashin mai sani a kusa ne ya kai ga haka.

Ga kuma labari mai ƙarfafa zuciya. Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya, ma'aikacin mishan na SIM ne a Maraɗi. Ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma suke sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai ya koya wa manoma su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture, su rage sauran, su tsare su daga dabbobi da wuta. A hankali wannan dabara ta bazu, har aka ƙiyasta cewa gonaki kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar sun sāke samun itatuwa. Da yawansu gawo ne, wanda yake zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Babu injin da aka kawo daga Turai. Ido mai ilimi ne ya ga abin da kowa yake takawa yana wucewa. Gonakinmu ma suna da irin kututturen nan.

Mai son ci gaba a wannan fanni ba sai ya ƙetare teku ba. Akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum kusa da Jos, wadda take ba da digiri na biyu tare da Jami'ar Jos. Dokar ƙasa ta 1992 ta wajabta a auna illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, kuma shirin Babbar Katangar Itatuwa ya shafi jihohi 11 na arewa. Duk waɗannan suna bukatar mutanen da suka san yaren manomi, suka kuma san awo.

ILIMIN KASUWANCI

Wasu sukan ce, kasuwanci har sai an je jami'a? Kakanninmu sun yi fatauci ba su san biro ba. Gaskiya ne, amma bari mu ga abin da ake koyarwa: ajiye lissafin kuɗi, tattalin arziki, ƙididdiga, dokar kasuwanci, neman kasuwa, sarrafa jari, da tafiyar da ma'aikata.

A ce wata uwa a zumuntar mata ta sayi gyaɗa ta naira 50,000, ta yi mai da ƙuli-ƙuli, ta sayar duka a 60,000. Za ta ce ta ci ribar 10,000. To, itace ya ci 3,000, niƙa 2,500, mota 2,000, kwalabe 1,500. Saura 1,000, kuma ba a lissafta wahalarta ta kwana biyu ba. Shi ya sa jarin iyayenmu mata yake narkewa suna ganin ana ciniki. Yarinyar da ta yi zango ɗaya na lissafin kuɗi za ta iya zama da su, ta nuna musu a takarda ɗaya. Ubangijinmu da kansa ya yi maganar mai ginin da ya kamata ya fara zama ya lissafta kuɗin aikin, a Luka 14:28.

Na biyu, wannan ilimi garkuwa ne. MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 kowane wata, ta kuma tsayar da biya a Disamba 2016. Mai ilimin kasuwanci zai lissafta ya ga cewa a wannan ƙima naira 100,000 za ta haura miliyan 2 a shekara guda. Wace gona ce, wace masana'anta ce take ba da haka? Kuɗin sababbin shiga ne ake biyan na farko da shi, ranar da masu shiga suka ragu kuwa sai a rufe. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Irin wannan ta sāke faruwa da CBEX a 2025. Abin baƙin ciki, ta bakin 'yan'uwa amintattu waɗannan abubuwa sukan shigo ikilisiya.

Na uku, baitulmalin ikilisiya. Rigingimun da suka raba kan masu bi, da yawansu a kan kuɗi ne, kuma sau da yawa ba sata aka yi ba, rubutu ne babu. Manzo Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawar ikilisiyoyi shi kaɗai ba, ya sa aka zaɓi waɗanda za su tafi tare, don kada a sami abin zargi, kamar yadda muka gani a 2 Korintiyawa 8. Mutum biyu su ƙirga baiko, a rubuta rasit, a karanta rahoto a gaban jama'a. Wanda ya ƙara da jarrabawar ICAN ko ta ANAN zai zama cikakken akanta, ya yi wa gunduma duka amfani.

TSORON DA YAKE ZUCIYAR IYAYE

Mun san tambayar da wasu suke riƙe da ita: ba a Bayoloji ne ake koyar da cewa halittu sun sauya daga wani iri zuwa wani ba? I, ana koyar da wannan, tun daga littafin Charles Darwin na 1859, kuma zai fito a jarrabawa. Dole yaro ya koye shi da kyau, ya amsa yadda aka koyar. Wani sashensa ma mun gani da idonmu. Kulorokwin da muka sha shekara da shekaru ya daina aiki domin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta sauya, har Nijeriya ta canja magani a 2005. Masu bi na gaskiya sun bambanta a kan yadda za a fahimci kwanakin halitta a Farawa 1, kuma kowace ɗarika tana da koyarwarta. Abin da muka haɗu a kai shi ne Allah ne Mahalicci, mutum kuma cikin siffarsa aka yi shi. Madubin ɗakin gwaji yana nuna yadda abu yake aiki, amma ba shi da bakin faɗin dalilin da ya sa muke raye. Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta dukan rubutun gadon ɗan Adam da aka kammala a 2003, mai bi ne da bai ɓoye bangaskiyarsa ba.

Daniyel da abokansa sun yi shekara uku suna koyon ilimin Babila, suka fi kowa, ba su kuwa ƙazantu ba. Yaron da ya dawo da tambaya, kada a ce masa ya yi ridda. In muka rufe masa baki a gida, zai kai tambayar inda ba a san Ubangiji ba. A gaskiya abin da ya fi cinye 'ya'yanmu a jami'a shi ne yunwa, da kaɗaici, da mugayen abokai, da satar jarrabawa, da masu neman lalata da 'yan mata a bakin maki. A haɗa kowane ɗalibi da zumuntar ɗalibai kamar FCS ko NIFES, da wani gida na masu bi a garin, tun makon farko.

ABIN DA MUKE ROƘON IKILISIYOYI

1. Kowace ikilisiya ta rubuta sunayen 'ya'yanta na sakandare da na gaba da sakandare, da darussan da suke yi, ta ba dattijo ɗaya da uwa ɗaya nauyin bibiyarsu.

2. Ɗalibanmu da suka dawo hutu su koyar da Lissafi, Turanci da Kimistiri a ɗakin sujada, ikilisiya ta ba su abinci da kuɗin mota.

3. A keɓe wani kashi na baikon godiyar kaka domin asusun ilimi, da littafinsa dabam, da masu sa hannu uku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A tuna da marayu da 'yan mata, domin su ake fara cirewa in kuɗi ya gaza.

4. A sanar da iyaye bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 domin ɗaliban makarantun gwamnati. Ba shi da ruwa, amma bashi ne, za a fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa.

5. Iyaye su nemi ganin sakamako kowane zango. A ma'aunin maki 5, daga 4.50 ne daraja ta ɗaya, daga 3.50 kuma babbar daraja ta biyu. Makin shekarar farko yana bin ɗalibi har ƙarshe, kuma darasin da aka faɗi sai an sāke shi. Ko ba ku iya karatu ba, ku kai takardar ga wanda ya iya.

6. A ƙarfafa ɗalibai su ɗauki binciken shekarar ƙarshe daga matsalolin garinsu, in malaminsu ya yarda: ruwan rijiyarmu, ƙwarin rumbunmu, adashen zumuntar mata. In sun gama, su zo su bayyana mana da Hausa.

KAMMALAWA

Ba mu ce kowane yaro ya bar burin likitanci ba. Wanda makinsa ya kusa, kuma gida zai iya jira, ya sāke gwadawa sau ɗaya. Amma wanda Allah ya buɗe masa ƙofar Bayoloji ko Kasuwanci, a sa masa albarka a gaban ikilisiya, ya tafi da kansa a ɗage. Ku kuma matasa, ku sani cewa kuɗin makarantarku daga gumin iyayenku ya fito. Ku yi karatu da aminci, ku ƙi satar amsa, ku riƙe sujada, kada kuma ku ji kunyar ƙauyen da ya haife ku. Muna roƙon dattawa su kai waɗannan shawarwari ga majalisun ikilisiyoyinsu, su kawo mana amsa a zama na gaba.

Ubangiji ya ba 'ya'yanmu hikima da tsoronsa, ya sa albarka a gonakinmu da aikin hannuwanmu, ya mai da kowa gida lafiya. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.